Cocin Fada nake nema

Jinya ce ta kai ni Zariya a watan Yulin 2025. Inna ta zame a bayan gida can ƙauyenmu na wajen Malumfashi, ƙashin ƙugunta ya tsage, aka yi ta fama da ɗori har sai da yayanmu ya buga ƙafa ya ce asibiti, daga can kuma aka turo mu asibitin koyarwa na Shika. Ni a Gusau nake aure, can nake koyar da 'yan aji huɗu a firamare. Iyakar sanina da Zariya kafin wannan zuwa shi ne Kwangila: mota ta tsaya, masu tallan burodi da ayaba su yanyame tagogi, direba ya cike gurbin waɗanda suka sauka, mu yi gaba zuwa Kaduna.

Muka raba kwana ni da autarmu, kowacce kwana biyu a gefen gadon Inna. Wadda ta sauka sai ta tafi gidan Gwaggo a cikin Birni, ciki kaɗan da Ƙofar Doka, ta yi wanka da wanki, ta dafo abinci. Gwaggo ƙanwar babanmu ce ciki ɗaya, Musulma ce, ta fi shekara arba'in tana aure a Zazzau har bakinta ya juye. Haka gidanmu yake. Kakanmu Bamaguje ne, 'ya'yansa da suka tasa wasu suka bi Fada, wasu suka bi malam, kuma har gobe in an yi Babbar Sallah ana aiko mana da cinya, mu ma da Kirsimeti mu aika da shinkafa da cincin. Ni dai Bahaushiya ce da gyalena da lallena, ba ni da wani yare sai ɗan Turancin makaranta, kuma 'yar Katolika ce tun ina zanin goyo. Wannan haɗin shi ne duk ya jawo abin da zan ba da labari.

Ranar Asabar da magariba ina tattara kwanuka zan sauka, Inna ta riƙo bakin zanina.

"Gobe Lahadi."

"Na sani, Inna."

"Kin san inda cocinmu yake a garin nan?"

Na yi shiru. Ta ce in zuge jakarta, can ƙasa akwai wata leda. Na buɗe, sai ga katin baftismarta, ya yi ja don tsufa, ninkin ya kusa raba shi biyu, da sa hannun wani Fada Bature a ƙasa wanda tawadar ta dushe. Ashe ko da ake ɗaukarta ranga-ranga zuwa mota sai da ta sa aka ɗauko mata shi.

"Ki kai wa Fada. Ki ce akwai tsohuwa a kwance, sati uku ke nan ba ta karɓi Jikin Kristi ba."

Na so in ce mata mai jinya ba ya da laifi in bai je Mas ba, wato babbar ibadarmu ta Katolika, haka aka koya mana a katikizim, darasin koyon addini: ciwo uzuri ne, kula da mai ciwo ma haka. Amma wanda ya san Inna ya san ba a kawo mata irin wannan hujja. Ban da haka ma, yanzu ba zuwana kaɗai ba ne, aike ne.

Da dare, bayan Gwaggo ta yi shafa'i da wutiri ta kwanta, na ɗauko waya. A tsakar gida na tsaya, don katangar ƙasar gidajen Birni ba ta barin sabis ya shiga ɗaki. Na rubuta abin da nake nema a taswira, jajayen ɗigo suka watsu a fuskar wayar kamar an zubar da barkono. Wannan sunan waliyyi kaza, wancan waliyyi kaza, kuma sunan waliyyi ba ya raba gardama, domin 'yan Angilikan ma da irin sunayen suke kiran nasu. Wani ɗigon an dasa shi a tsakiyar fili inda ko gini babu. Wani shafin Facebook da na buɗe, rabon da a sa wani abu a kansa tun wani Ista da ya wuce da daɗewa. Lokacin Mas kuwa, wanda shi ne kan maganar, babu inda na gan shi a rubuce yadda zan amince. Na kira lamba ɗaya, a kashe. Na kira maigidana a Gusau, ya yi dariya ya ce, "Kina gidan 'yan gari kina tambayar waya? Ki tambayi Gwaggo mana." Da na fito asibiti da wuri ma da na nemi Mas ɗin yammar Asabar, wanda dokar Ekklisiya ta ce yana tsayawa a madadin na Lahadi. Wannan dama ta riga ta wuce.

Kiran sallar asuba a cikin Birnin Zariya ba ya barin kowa a kwance. Daga kowace kusurwa yake tasowa, wani na sauka wani na ɗauka. An kwana ana yayyafi. Gwaggo ta idar da salla ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, ba yau ne ranar taku ba? Tashi kada ki makara." Kafin in fito wanka ta dama koko ta aiki almajirinta ya sayo ƙosai. Na ce sai na dawo.

"Azumi kuke yi?"

Na yi mata bayani cewa ba ma cin komai kafin mu karɓi Jikin Kristi, wato gurasar da Fada ke keɓewa a Mas. A gaskiya dokar awa ɗaya ce kawai. A da can daga tsakar dare ake kamewa, Fafaroma Pius na 12 ya mai da shi awa uku a 1957, Fafaroma Paul na 6 ya rage zuwa awa ɗaya a 1964. Amma katikis ɗin da ya koyar da su Inna, wato malamin addini mai taimaka wa Fada, da tsohuwar dokar ya tashi, ita kuma da ita ta rene mu, har yau in na sa wani abu a baki safiyar Lahadi sai in ji kamar na yi sata. Gwaggo ta girgiza kai, ta rufe kokon da faifai.

Ta aika aka kira wani yaron unguwa mai Keke Napep, saurayi ne siriri da ɗan gemu, hularsa ta sha ruwa. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce, "Ɗiyar wana ce. Ka kai ta cocinsu."

Ya ce, "Wusasa ke nan."

Ta ce, "To da ina?"

Na san sunan Wusasa, kowane Kirista Bahaushe ya san shi, na kuma san tushensa na 'yan Angilikan ne. Amma na ce a raina, unguwar Kirista ce, in na isa can ba zan rasa namu ba. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Na shiga keke.

Sai daga baya na gane dalilin da ya sa su biyun ba su ko yi shawara ba. A wajen mutumin Birni, in aka ce ga Bahaushe Kirista, to ɗan Wusasa ne, magana ta ƙare. Tarihi ne ya dasa musu haka. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS na 'yan Angilikan ya zauna a cikin Birnin Zariya tun farkon shekarun 1900, yana magani yana koyarwa, har zuwa 1929 da mishan ɗin ya koma bayan ganuwa, gindin dutsen Kufena, wurin da ya zama Wusasa. Can aka yi makaranta da asibiti, can Janar Yakubu Gowon ya tashi. Katolika kuwa ta wata ƙofar ta shigo Zariya. Jirgin ƙasa ne ya kawo ta, wajen 1911 da layin dogo ya iso, tare da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu waɗanda suka zauna a Sabon Gari, limaman Katolika na ƙungiyar mishan ta SMA suka biyo su. Shi ya sa har yau a idon mutane da yawa Katolika cocin Ibo ne, ba sa kawo mai gyale da lalle a cikin lissafin.

Muka fita ta Ƙofar Doka muka nufi Ɗanmagaji, kan Kufena a lulluɓe da hazo. Ya tsaya a bakin wani coci, ya ce, "Ga shi nan, Hajiya."

Ban taɓa ganin gini irin wannan da sunan coci ba. Tsohon cocin St. Bartholomew, wanda aka gina a 1929, da ƙasa aka yi shi, ginin Hausa sosai, irin na magina masu ɗaurin guga da bakan gizo, kai ka ce zauren wani basarake ne aka kafa wa gicciye. Mutane na ta shigowa harabar, maza da manyan riguna da huluna, mata da atamfa da gyale kamar nawa, ana gaisawa da Hausa tsantsa, "Ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa?" Allon bakin ƙofa ya riga ya gaya mini ba nan ba ne. Duk da haka na fi minti biyar a tsaye. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. A Gusau in na shiga coci, mu masu Hausa a baki tun daga nono ba mu da yawa. Nan kuwa ga mutane kamar an kwaso su daga ƙauyenmu. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ke kan durowata ma, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, da gumin Miller da abokan aikinsa a ciki. Ba ni da abin cewa game da mutanen nan sai girmamawa. Amma Mas daban, sujadarsu daban, kuma katin da ke cikin jakata ba nan aka aiko shi ba.

Wani dattijo mai sanda da farin gemu ya lura da ni. Ya ce, "'Yata, shigo mana, ruwa zai taɓa ki."

Na rusuna na ce, "Baba, baƙuwa ce ni. Cocin Katolika nake nema."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushi. "Daga wajen Malumfashi ko?"

Na ce, "Yaya aka yi ka sani, Baba?"

"Bakinki. Kuma can ne 'yan Fada Hausawa suke da yawa." Na gaya masa maganar Inna. Ya ce tunda Fada nake son gani ido da ido, kada in tsaya bulayi, in tafi babban cocinmu kai tsaye. Ya ɗaga sanda ya yafito mai keken, wanda Allah ya sa bai tafi ba yana goge gilashi. "Kai samari, cocin Fada za ka kai ta. Babban nan na Sabon Gari."

Yaron ya dafe kai. "Haba Hajiya! Ai da kin ce cocin Fada tun farko! Masu Sista ɗin nan ko? Wa bai san shi ba?"

Ga kalmar da na kwana ina nema a waya, ashe tana bakin kowa. In ka ce "Katolika", wani ya gane wani bai gane ba. In ka ce "coci" kawai, za a kai ka wanda ya fi kusa ko wanda aka ga ya dace da shigarka. Amma "cocin Fada", daga mai shayi har ɗan acaba, Musulmi da Kirista, kowa ya san inda ake nufi. Wasu tsofaffi kuma "Roman" suke cewa. A ƙauyenmu ma haka muke faɗa, ni ce dai da na zo birni na ga kamar sai na gyara baki.

Muka juyo. Ƙofar Doka kuma, Tudun Wada, muka hau gadar Kubanni ruwan ya yi jajir yana tafe da ledoji, muka wuce PZ. Yana tuƙi yana ba ni labari da Zazzagancinsa mai mai da mace namiji, wai lokacin yana ƙarami wata Sista ce ta ɗinke masa goshi da ya faɗo daga mangwaro, "matan nan yana da kirki sosai." Cikina kuwa ya fara kiran ciroma, ina tuna kokon Gwaggo a ƙarƙashin faifai.

Sabon Gari ranar Lahadi da safe wani gari ne daban. Shagunan kayan gyaran mota da na kayan gini duk a garƙame, titi ya zama na masu tafiya coci, kowa da lema. Coci kuma ga su nan birjik, kusan kowane layi da nasa, wani da lasifika har tana ƙara. A nan na ga abin da ko ba mai keke zai kai ni. Wasu mata huɗu suna tafe a jere, zani iri ɗaya mai hoton Uwa Maryamu, kai a ɗaure, ɗaya da rozari a naɗe a hannu. Na ce, "Malam, matan can namu ne." Ya ce, "Ai can za su."

Bai kai ni bakin ƙofa ba. Tun da ɗan nisa ya taka burki inda aka gitta shinge, ya ce nan ne iyakar abin hawa. Na tambayi kuɗinsa, tunda tafiyar ta zama biyu. Ya ce in ba shi na mai kawai, Gwaggo uwa ce a unguwarsu, kuma kuskuren nasa ne. Muka yi ta ja, da ƙyar ya karɓi abin da na ga ya dace.

Shingen yana da dalili. Ranar Lahadi 17 ga Yuni, 2012, an kai harin bam wannan coci na Kristi Sarki, wanda allonsa ke ɗauke da Christ the King Cathedral, rana ɗaya da wani cocin ECWA a Wusasa da wani kuma a Kaduna. An rasa rayuka. Tun daga waɗannan shekaru coci-cocin Arewa suka koyi tsayar da mota nesa da duba jaka. Wanda zai je Mas a garin da ba a san shi ba ya sa wannan a ransa, ya rage kaya, ya zo da wuri, kada kuma ya ji haushin tambaya.

Wani matashi da na'urar bincike a hannu ya tare ni cikin ladabi. "Sannu Hajiya. Wani kike nema?"

Na ce, "Mas na zo."

Ya ɗan yi jim. Ban ce komai ba, na zuge jaka don ya duba, rozarina na sama, ga katin Inna a leda. Ya dubi rozarin ya dube ni, kunya ta kama shi, ya ce, "Yi haƙuri Mama, shiga, yanzu za a fara wani." Daga Hajiya na koma Mama cikin daƙiƙa ɗaya. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, aikinsa yake yi, kuma da ni ce a wurin da haka zan tambaya.

Na yi sa'a, waɗanda suka yi na farko suna fitowa ne, wasu na shiga. Ina sa ƙafa hannuna ya tafi wurin ruwa mai tsarki da kansa, ban ko neme shi da ido ba. Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Na ɗaga kai, ga 'yar fitilar nan tana ci kusa da inda ake ajiye Jikin Kristi. Ga gicciye da siffar Yesu a kansa, ba itace biyu kawai ba. Ga hotunan Hanyar Gicciye goma sha huɗu a jere a bango. Waɗannan su ne shaidar da ba ta ruɗi, duk garin da mutum ya je. Na kai gwiwar dama ƙasa, na samu gefen benci kusa da wata tsohuwa 'yar Ibo mai ƙaton ɗaurin kai, ta janye jakarta ta ba ni wuri.

A nan ne gajiyar kwana goma ta sauko mini gaba ɗaya. Kwana goma muna karɓa-karɓa, ina kwana a tabarma ƙarƙashin gado, ina juya Inna, ina zubar da fo, ina bin layin magani, ban yi kuka ko sau ɗaya ba. Ƙararrawa na kaɗawa, Fada ya fito da koriyar riga, mawaƙa suka ɗauka, sai hawaye. Tsohuwar ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ɗora hannunta a bayan nawa ta bar shi nan.

Da Turanci aka yi, amma ko da Sinanci ne na san inda ake. Na san inda za a tashi, inda za a zauna, inda za a durƙusa. Yana cewa Ubangiji ya kasance tare da ku, bakina na amsawa da Hausa a hankali. Karatun ranar, Lahadi ta 16 ta lokacin da ba na biki ba, 20 ga Yuli, shi ne wanda ake karantawa a Gusau da Malumfashi da Roma a wannan safiyar, domin tsarin karatun na shekara uku ne yana zagayowa, shekarar Matiyu, ta Markus, ta Luka, kuma 2025 ta Luka ce. Na farko daga Farawa sura 18, Ibrahim yana zaune a ƙofar alfarwarsa da tsakar rana ya hango baƙi uku, ya ruga ya tarye su, ya sa Saratu ta yi gurasa. Na tuna Gwaggo da kokonta. Bishara kuma Luka sura 10, Marta da Maryamu, ɗaya tana ta hidima har ta ƙosa, ɗaya tana zaune tana sauraro. Wannan karatun bai taɓa yi mini daɗi ba, in faɗi gaskiya. Duk macen da ta taɓa dafa wa baƙi abinci tana bayan Marta. Ran nan dai na ji shi da wani kunne, domin kwana goma ina Marta, kuma awa biyun nan ne kaɗai aka ce in zauna.

Wurin baiko aka saki kiɗa. Waƙar Ibo, ta Yarbanci, sai ga ta Hausa da tulu da kacau-kacau irin na Zumuntar Mata, aka fito layi-layi ana rausaya. Zariya gari ne na makarantu da bariki, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga Defot na sojoji, saboda haka babu irin fuskar da ba ka gani a layin: Tibi, Idoma, Bajju, Atyap, ɗalibai, matan soja.

Abu ɗaya ne ya tuna mini cewa ba gida nake ba. A cikin babbar addu'ar keɓe gurasa da ruwan inabi akwai inda Fada ke ambaton Fafaroma da Bishop na wurin da sunansu. Ya ce Leo, wanda a lokacin wata biyu ke nan da 'yan kwanaki da zaɓensa, kunnena bai gama sabawa ba. Daga nan zuciyata ta riga shi cewa Matthew, domin Gusau a ƙarƙashin Sakkwato take, wurin Bishop Matthew Hassan Kukah. Sai na ji ya ce Habila. Kalma ɗaya tak a cikin Mas gaba ɗaya, ita ce ta gaya mini ƙasar wa nake. Dayosis ɗin Zariya, wato yankin da Bishop ɗinta ke shugabanta, ba tsoho ba ne, a Disambar 2000 aka yanke shi daga Kaduna. Bishop na farko, George Dodo, ya rasu a 2022, Bishop Habila Daboh ya gaje shi. A watan da aka naɗa shi, Disambar 2023, a watan ne kuma aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa na sabon dayosis ɗin Katsina, ɗan yankinmu, Bahaushe. Ranar Inna har guɗa ta yi. A ƙauyenmu yanzu Gerald ake cewa a wannan gurbin.

Da aka zo gaisuwar salama tsohuwar ta juyo ta kama hannuna biyu, ta ce da Hausarta ta Sabon Gari, "Salama, yarinya. Allah zai ba shi lafiya." Ban gaya mata ina da marar lafiya ba. Wataƙila warin asibiti ne a gyalena.

Bayan sanarwa, wadda ta yi tsawo kamar ta kowane coci da na sani, na zagaya baya na tambayi katikis. Mutumin Kudancin Kaduna ne, Hausarsa garau. Ya karɓi katin Inna da hannu biyu, ya juya shi a hankali kada ya rabu, ya kira wani ya ce zo ka ga katin da ya girme ka. Ya rubuta sunanta da ɗakin da take da lambar gado. Ya ce Shika akwai Fada da ke duba marasa lafiya a can, ba sai an taso daga Sabon Gari ba, ya kira waya a gabana aka yi magana. Ya ƙara da cewa in ina asibiti ranar Lahadi, Samaru ta fi mini kusa nesa ba kusa ba, har cikin jami'a akwai cocin ɗalibai 'yan Katolika. Da zan tafi jiri ya ɗan ɗebe ni na dafa bango. Ya ce lafiya? Na ce ban karya ba ne. Ya yi salati irin namu, ya ce, "Madam, awa ɗaya ce fa. Kuma tsofaffi da marasa lafiya da masu jinyarsu, doka ta ɗauke musu ko awa ɗayar." Ya aiki wani yaro ya sayo mini ƙosai da kunun zaƙi a bakin titi, na zauna a kan dakali na cinye tas, ƙarfe goma sha biyu ta gota.

Ranar Talata da hantsi Fada ya zo. Matashi ne, da 'yar jaka a rataye a wuya. Wadda ta rako shi har gadon Inna ita ce nas ɗin da ta yi kwana goma tana auna mata jini, muna gaisawa kullum, ban taɓa lura da siririn zaren sikafula, ɗan ƙyallen ibada da 'yan Katolika ke ratayawa, da ke leƙowa ta wuyan rigarta ba. Ta ce, "Ai da kin tambaye ni." Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Na zagaye Zariya daga Wusasa zuwa Sabon Gari da yunwa, amsar tana tsaye a kaina da abin awo a hannu.

Gwaggo na nan ta kawo tuwo. Da ta ga Fada ya ciro ɗan gwangwanin nan mai ruwan zinariya yana neman inda zai ajiye, ta kwashe kwanuka da robobin magani daga kan durowar gefen gado, ta zaro sabon ɗankwali fari daga jakarta ta shimfiɗa, sannan ta ja baya ta tsaya wajen taga da carbinta. Inna ta yi ikirarin zunubi a hankali mun ba su wuri, ta karɓi Jikin Kristi, aka shafa mata mai a goshi da tafin hannu. Ta rufe ido ta daɗe. Da ta buɗe, abin da ta fara tambaya shi ne ina katinta.

Lahadin da ta biyo baya, ni ce a asibiti, autarmu ce ta kwana a Birni. Da ta iso da rana tana ta dariya tun daga ƙofa. Wai da asuba Gwaggo ta tashe ta, ta tsare ta sai da ta shanye koko kofi guda, tana cewa an ce masu jinya ba su da wannan azumin. Yaron keken na zuwa kuma, tun bai gama gaisuwa ba ta ɗaga masa yatsa.

"Cocin Fada, Sabon Gari. Ka kai ta Wusasa, ni da kai ne."